Mai Hidima da Ƙungiyoyin Kare Haƙƙin Mata: Darasi a kan Gwauruwa da Gādo

A yawancin ikkilisiyoyinmu, in aka ƙirga masu sujada ranar Lahadi, mata sun fi maza yawa. Su ne masu share majami'a, su ne masu dafa abincin taro, su ne na farko a gidan da aka yi rashi. Duk da haka, in miji ya rasu, sau da yawa matar da ta yi shekara talatin tana noma gona tare da shi sai ta ga 'yan'uwansa sun kwashe takardun fili, sun kulle rumbu, sun ce ta koma gidan iyayenta tun da ba ta haifi ɗa namiji ba. Kafin ta je wurin mai unguwa ko kotu, ƙofar fasto take fara bugawa. Abin da faston zai gaya mata a ranar ya dogara ga abin da ya sani tun kafin ta zo.

Manufar wannan darasi ita ce mai hidima ya san ƙungiyoyin da suke aikin kare haƙƙin mata a ƙasarmu, ya san dokokin da suka yi gwagwarmaya a kansu, ya kuma auna aikinsu da Maganar Allah.

Daga ina ƙungiyoyin suka fito?

Akwai masu cewa wannan magana baƙuwa ce, Turawa ne suka kawo ta da kuɗinsu. Gaskiya ne wasu ƙungiyoyin suna samun tallafi daga waje, amma tarihinsu a gida ya fara. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda aka haifa a 1933, ta shiga jam'iyyar NEPU tun tana yarinya. An ɗaure ta sau da dama saboda ta ƙi yin shiru a kan auren wuri da hana mata ƙuri'a. Matan Kudu sun jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa na 1959, amma matan Arewa sai da suka jira har zaɓen 1979.

A 1982 aka yi wani taro a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda daga cikinsa aka sami ƙungiyar WIN, wato Mata a Nijeriya. A 1985 matan Musulmi suka kafa FOMWAN a Minna, Hajiya Aisha Lemu ce shugabarta ta farko, kuma sun ba da ƙarfi ga makarantu da asibitoci. A 1996 aka kafa BAOBAB, wadda Ayesha Imam ta jagoranta, tana nazarin yadda dokokin addini da na gargajiya da na gwamnati suke shafar mace. A 1999 aka kafa WRAPA, wadda take taimakon matan da ba su da halin ɗaukar lauya. Akwai kuma FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, mai rassa a jihohi, wadda take tsaya wa mata da yara a kotu ba tare da neman kuɗi ba.

Kada mu manta da tamu ta cikin gida. Zumuntar Mata, tun zamanin 'yan mishan, ta koya wa mata karatu domin su karanta Littafi Mai Tsarki da kansu, ta tara gudunmawa don marayu, ta raka gwauraye cikin makoki. Ba a kiranta ƙungiyar kare haƙƙi, amma ita ce ta fi kowa sanin wace mace ake dukanta, wace ce aka kora daga ɗakinta. Abin da sau da yawa ba ta da shi shi ne sanin doka da goyon bayan majalisar dattawa.

Me suke nufi da daidaito?

Kalmar nan takan ta da hankalin wasu masu bi, domin suna jin kamar ana cewa a shafe bambancin da Allah ya yi tsakanin namiji da mace. In ka duba aikin da ƙungiyoyin suke yi a unguwanni da ƙauyuka, za ka ga abubuwa ne na yau da kullum: yarinya ta gama makaranta kamar ɗan'uwanta, kada a aurar da ita tana ƙarama, kada miji ya daki matarsa, gwauruwa ta zauna a gidanta, 'ya mace ta sami rabo a dukiyar ubanta, mace ta sami wurin zama inda ake yanke shawarar da ta shafe ta. Hanyoyinsu kuma sanannu ne: wayar da kai, sulhu tsakanin dangi a gaban sarakuna da shugabannin addini, shigar da ƙara in sulhu ya ƙi, da matsa wa majalisa ta gyara doka.

Abin da doka ta ce yanzu

Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda shi namiji ne ko mace. A watan Afrilu na 2014, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu masu nauyi. A shari'ar Ukeje, uban ya rasu a 1981 bai bar wasiyya ba, aka nemi hana 'yarsa gādo bisa al'adar Ibo. Kotu ta ce al'adar ta saɓa wa Tsarin Mulki, ba ta da ƙarfi. A lura, shekara 33 ke nan tsakanin rasuwar uban da hukuncin ƙarshe. A shari'ar Anekwe da Nweke kuma, kotu ta yi tir da al'adar Awka da take korar gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji. Ko da yake al'adun da shari'un suka shafa daga Kudu maso Gabas suka fito, Tsarin Mulkin da aka kafa hujja da shi na dukan ƙasa ne, kuma kabilunmu da yawa a Arewa suna da irin waɗannan al'adu.

A 2015 aka sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP, bayan shekaru da ƙungiyoyin mata suka yi suna bin majalisa. Dokar ta mai da waɗannan abubuwa laifi: dukan abokin aure, korar abokin aure daga gida da ƙarfi, yin watsi da mata da 'ya'ya ba abinci, kaciyar mata, da al'adun da suke cutar da gwauruwa. Ta kuma ba kotu ikon hana mai cin zarafi kusantar wanda yake zalunta. Da farko a Abuja kawai take aiki, daga baya yawancin jihohi suka yi tasu. Ya kamata kowane fasto ya nemi ta jiharsa ya karanta.

Aikin bai ƙare ba. Tsohuwar dokar laifuffuka ta Arewa, a sashe na 55, ta ƙyale miji ya hori matarsa in al'adarsu ta yarda, muddin bai yi mata mummunan rauni ba, kuma ƙungiyoyin mata sun daɗe suna neman a cire wannan. A ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata, har da wanda zai ba mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta. Mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar.

Akwai wani abin da ya kamata ya sa mu tunani. Maƙwabtanmu Musulmi suna da ƙayyadadden rabo: matar mamaci tana samun ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu, 'ya mace kuma tana samun rabin na ɗa namiji. Kirista kuwa, in mijinta ya rasu ba wasiyya, ba auren rajista, sau da yawa al'adar kabila ce za ta yi hukunci, kuma a wurare da dama rabonta babu. Wa'azin da ta ji shekara da shekaru bai taɓa ƙasa da rumbu ba.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Farawa 1:27 ta nuna namiji da mace duka cikin siffar Allah aka halicce su, kuma su biyu aka danƙa wa duniya. Mulkin danniya na miji a kan mata ya bayyana ne a sura ta 3, cikin sakamakon zunubi, tare da ƙaya da sarƙaƙƙiya. Ba wanda yake barin ƙaya a gonarsa don an ambace ta a Farawa.

A Littafin Ƙidaya sura 27, Zelofehad ya mutu bai bar ɗa namiji ba. 'Ya'yansa mata biyar, Mala, Nowa, Hogla, Milka da Tirza, suka haɗa kai, suka tsaya a gaban Musa da Ele'azara firist da shugabanni a ƙofar alfarwa, suka nemi gādon ubansu. Musa bai kore su ba, bai kuma ce su yi haƙuri ba. Ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya tabbatar da gaskiyarsu, aka mai da hukuncin doka ga dukan Isra'ila. A sura 36 dangi suka kawo damuwarsu cewa ƙasa za ta fita daga kabila in matan suka yi aure a waje. Aka saurare su, aka daidaita batun, amma ba a ƙwace gādon ba. Wannan ita ce damuwar da dattawanmu suke kawowa har yau, kuma nassin ya nuna ana iya warware ta ba tare da an bar mace hannu wofi ba. A Yoshuwa 17 matan suka sake zuwa suka tuna wa shugabanni, sa'an nan aka ba su. Hukunci a baki ba ya isa sai an bi shi.

Ayuba ya ba 'ya'yansa mata gādo tare da 'yan'uwansu maza (42:15). A Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya tashi don ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci, manzanni kuwa suka sa a zaɓi mutum bakwai domin gyara. Yesu ya yi misali da gwauruwar da ta dami alƙali har ya bi mata hakkinta (Luka 18), ya kuma tsauta wa malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye (Markus 12:40). Yakubu 1:27 ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ma'aunin addini na gaskiya.

Wasu za su kawo Afisawa sura 5. Daidai ne, amma a karanta ta duka. Shugabancin da aka ba miji an auna shi da Almasihu wanda ya ba da ransa domin ikkilisiya. Mijin da ya ɗaga hannu a kan matarsa ya riga ya fita daga wannan nassi, ba zai kuma iya fakewa da shi ba.

Inda muka bambanta

Ba duk abin da kowace ƙungiya ta faɗa za mu karɓa ba. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 a kan haƙƙin matan Afirka, wadda Nijeriya ta amince da ita, ta yarda da zubar da ciki a wasu yanayi, ikkilisiyoyi da yawa kuwa ba su yarda ba. Batun naɗa mata a matsayin fasto shi ma ɗarikoki sun bambanta a kansa, kowace da fahimtarta. Mai hidima ya faɗi matsayinsa a fili cikin ladabi. Amma waɗannan tambayoyi daban suke da tambayar ko gwauruwa za ta kwana a ɗakinta. Mutum na iya riƙe koyarwar ɗarikarsa a kan naɗi, ya kuma raka gwauruwa ofishin FIDA da safe. Wanda ya fake da wurin da aka bambanta don ya guje wa wurin da aka yarda, ya bar tunkiya ga kura.

Aikin mai hidima

Na farko, ka san maƙwabtanka. Kafin matsala ta zo, ka nemi reshen FIDA mafi kusa, da ofishin Ma'aikatar Harkokin Mata, da na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam. Ka gayyaci lauya ta yi wa Zumuntar Mata da ta Maza bayani a zama ɗaya.

Na biyu, ka gyara batun aure. Sa albarka a majami'ar da ba ta da lasisin ɗaura aure, ba tare da takardar rajistara ba, bai mai da auren na doka ba. Ka bincika matsayin majami'arka, ka kuma bayyana wa masu shirin aure bambancin.

Na uku, ka koyar da rubuta wasiyya. Mutanenmu suna ganin kamar kiran mutuwa ne, amma Ishaya ya gaya wa Hezekiya ya kintsa gidansa (2 Sarakuna 20). Dattawa su fara, sauran za su bi.

Na huɗu, ka kasance a wurin ranar da dangi za su zauna bayan jana'iza. Yawancin ƙwace a makonnin farko ake yinsa, lokacin da matar ba ta da ƙarfin magana.

Na biyar, in mace ta zo da rauni a jiki, a fara da asibiti da wurin da za ta kwana lafiya. Sulhu yana da lokacinsa, bayan tuba ta gaske. Kada ka mai da ita da kalmar haƙuri kaɗai. In kuma mai laifin dattijo ne ko mai ba da baiko mai yawa, horon ikkilisiya ya hau kansa kamar kowa.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A kabilarka, wa yake gādon gona da gida in mutum ya rasu ya bar 'ya'ya mata kaɗai? Yaya wannan yake in aka gwada shi da Littafin Ƙidaya 27 da 36?

2. Gwauraye nawa ne a ikkilisiyarka, nawa kuma daga cikinsu suke zaune a gidan da suka zauna da mazansu?

3. In shugabar Zumuntar Mata ta kawo ƙarar wani dattijo, wace hanya majalisarku take da ita ta sauraron ƙarar?