Ma'aunin pH

Ma'aunin pH wata na'ura ce da ke auna yawan tsamin da ke cikin ruwa ko wani abin sha, ta nuna shi da lamba daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, inda tsabtataccen ruwa yake. Abin da ke ƙasa da 7 asid ne, kamar ruwan lemun tsami, wanda yake wajen 2. Abin da ke sama da 7 kuma alkali ne, kamar ruwan kanwa da ruwan toka. Kalmar alkali ta samo asali daga kalmar Larabci mai nufin tokar tsirrai, kuma ba ta da alaƙa da alƙali mai shari'a, duk da cewa masu rubutu da waya sukan haɗe su idan suka bar lanƙwasa.

Kowane mataki guda a kan ma'aunin yana nufin ninki goma. Abin sha mai pH 4 ya fi mai pH 5 asid sau goma, ya fi mai pH 6 sau ɗari.

Tarihi

Masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmark, Søren Sørensen, shi ne ya fito da ma'aunin a 1909, yana aiki a ɗakin gwaji na Carlsberg da ke Kopenhagen, wanda wani kamfanin giya ya kafa. A 1934 Arnold Beckman ya ƙera na'urar lantarki a Kalifoniya ta ƙasar Amurka domin auna tsamin ruwan lemo. A yau akwai ƙanana masu siffar biro da ke aiki da batir.

Amfani a abin sha na gida

A Turai da Amurka masu dafa giya a gida suna cikin masu sayen ƙaramar na'urar, suna neman jiƙon hatsinsu ya tsaya tsakanin 5.2 da 5.6. A yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, inda ta fi dacewa shi ne wajen masu yin kindirmo, kunun zaki, kamu da zoɓo na sayarwa.

Madarar shanu da aka tatso sabuwa tana kusa da 6.6. Idan aka dafa ta, ta huce, aka zuba mata ɗan tsohon nono aka rufe ƙwarya, bakteriya sukan mayar da sikarin madarar ya zama asid, lambar ta yi ta sauka. A wajen 4.6 ne madara take daskarewa ta zama kindirmo. Wannan lamba tana da wani muhimmanci kuma: ƙasa da ita, bakteriyar da ke haddasa gubar botulizim ba ta iya yaɗuwa. Kunun zakin da ya kwana shi ma yana sauka ne ta wannan hanya, zoɓo kuwa da tsaminsa yake zuwa tun daga fure. Daddawa ta saɓa musu, domin idan kalwa tana ruɓa lambar hawa take yi har ta wuce 7.

Harshen gogaggiyar mai nono yana gane tsami, amma sikari yana ɓoye shi, kuma mai cika robobi ɗari a rana tana buƙatar na yau ya yi daidai da na jiya. Sai dai na'urar ba ta auna barasa, kuma ba ta nuna ko ruwan da aka dama kunu da shi mai tsabta ne.

Saiti da kulawa

Ƙarshen na'urar wani siririn ƙwan gilashi ne, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa. Kafin aiki ana saita ta da ruwan saiti mai sanannen pH, yawanci 7.00 da 4.01, wasu kuma 6.86 da 4.01. A fara da na tsakiyar, a ɗauraye, sannan na asid. Ruwan saitin da aka tsoma na'ura a ciki ba a mayar da shi kwalba.

Ba a tsoma ta cikin tukunya mai zafi. A ɗebi kaɗan a kofi, a bari ya huce, domin zafi yana canza lambar kuma yana rage wa gilashin kwana. Bayan awo a ɗauraye nan take, musamman idan nono ne, saboda maiƙonsa da furotin suna toshe ƙaramar kafar da ke gefen ƙwan, sai lambar ta riƙa yawo ba ta tsayawa. Ba a goge ƙwan da tsumma, ɗan taɓa shi ake yi da takarda mai laushi.

Babbar matsala a arewacin Jigawa ita ce bushewa. Dole ƙwan ya kasance a jiƙe kullum, da 'yan ɗigon ruwan ajiya na gishirin fotasiyam kuloraid a cikin murfinsa. Lokacin hunturu da zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40, ruwan yana ƙafewa da wuri, don haka a riƙa duba shi kowane mako. Kada a ajiye shi a tataccen ruwa marar gishiri, domin yana zuƙe gishirin da ke ciki. Idan ruwan ajiya ya ƙare, na saiti mai 4.01 zai riƙe shi na 'yan kwanaki. Ƙwan da ya bushe akan jiƙa shi na wasu awanni a sake saiti. Ko da kulawa mai kyau, yawanci shekara 1 zuwa 2 yake yi kafin a canza shi.