Daga Tama zuwa Bolonya: Yadda dubban kwamfutoci ke gane maƙwabtansu kafin su yi hasashen damina

A Tama, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, babbar tambayar watan Mayu da Yuni ita ce ko ruwan farko ya isa a yi shuka. Manomin da ya zuba irin hatsinsa, sannan sama ta ɗauke mako biyu ko uku, sai ya sake neman iri, kuma sau da yawa ɗan'uwa da ke ci-rani ne zai turo kuɗin. Shi ya sa ake kasa kunne ga hasashen damina da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD, masu mazauni a Yamai, ke fitarwa duk shekara tare da hukumomin yanayi na ƙasashen yankin Sahel.

Masanan kan yi amfani da sakamakon lissafin manyan cibiyoyin duniya, irin su cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, wadda manyan kwamfutocinta ke Bolonya a Italiya. Lissafin ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, don haka dubbai ke yin sa tare, kuma dole kowace ta san da wa za ta yi magana.

Tun a 1922 masanin Ingila Lewis Fry Richardson ya hango haka. Ya kwatanta wani katafaren zaure da mutum 64,000 za su zauna, kowa yana lissafin iskar yanki guda na duniya yana miƙa sakamako ga na kusa da shi. Yau na'urori ne ke zaune a kujerun, amma tsarin bai sauya ba. Ana yanka taswira gunduwa-gunduwa, a ba kowane ma'aikacin lissafi, wato kwafin manhajar da ke gudana a kan na'ura, gunduwarsa.

Iska kuwa ba ta san iyaka ba. Hadarin Sahel yakan taso daga gabas ya nufi yamma, saboda haka ma'aikacin da ke riƙe da sararin Tama ba zai iya ci gaba ba sai na gabas da shi ya gaya masa zafi, laima da gudun iskar da ke bakin iyakarsu. Ana wannan musaya a kowane mataki na lissafin.

Ƙa'idar da aka fi bi wajen aika saƙonnin ita ce MPI, wadda ta fito a 1994. Idan ma'aikata 1,000 kowa zai aika wa kowa, saƙo 999,000 ke nan a mataki ɗaya. Idan kowa maƙwabta huɗu kawai zai tuntuɓa, ba za su wuce 4,000 ba. Don haka MPI ta ba mai rubuta manhaja damar zana taswirar maƙwabtaka tun kafin a fara aiki.

Hanya mafi sauƙi tana kama da gidajen dara: layi-layi, kowane gida da na gabansa, na bayansa, na dama da na hagu. Umarnin MPI_Cart_create ke shirya wannan, kuma ya dace da manhajoji irin su WRF da ke raba taswira murabba'i-murabba'i. Sai dai wasu manhajojin sun bar murabba'i. ICON ta Jamus tana aiki da kusurwa uku-uku, MPAS ta Amurka kuma galibi da kusurwa shida-shida. In aka raba irin wannan taswira, gunduwoyin kan fito kamar gonakin kwarin Majiya, wata ta yi iyaka da gonaki uku, wata da bakwai. A nan ake buƙatar MPI_Graph_create, inda mutum ke faɗin maƙwabtan kowa ɗaya bayan ɗaya.

A ɗauka ma'aikata huɗu ne: lamba 0 na riƙe da Buza, 1 Tama, 2 Madawa, 3 Keita. A ce Buza na magana da sauran ukun, Tama da Madawa na magana da juna da kuma Buza, Keita kuwa da Buza kaɗai. Jeri biyu ake miƙa wa MPI. Na farko yana tara yawan maƙwabta a hankali: 3, 5, 7, 8. Na biyu yana lissafa su bi da bi: 1, 2, 3, sai 0, 2, sai 0, 1, sai 0. Akwai kuma zaɓin barin MPI ta sake raba lambobi, domin waɗanda suka fi yawan musaya su zauna a na'urori na kusa da juna. Kuskure a nan na da tsada: idan Tama na jiran saƙon Madawa alhali Madawa ba ta san da ita ba, aikin na iya tsayawa cak.

Wannan tsohon umarni yana da aibi guda: dole kowane ma'aikaci ya riƙe taswirar kowa da kowa. Idan ma'aikata miliyan ɗaya ne, kowa da maƙwabta shida, lamba miliyan shida ke nan a ƙwaƙwalwar kowannensu, alhali shida kawai yake buƙata. A 2009, MPI 2.2 ta kawo MPI_Dist_graph_create_adjacent, inda kowa ke faɗin nasa maƙwabtan kaɗai, har da nauyin saƙon da ke bin kowace hanya. A 2012, MPI 3.0 ta ƙara umarni irin su MPI_Neighbor_alltoall, wanda ke yin musayar da dukkan maƙwabta a kira ɗaya.

Duk da haka, saurin lissafi ba ya maye gurbin awon da ake yi a ƙasa. Tashoshin awon yanayi ba su da yawa a Afirka, kuma hadarin da ya zubar a Tama ya tsallake ƙauyen gaba yakan fi ƙanƙanta da abin da manhajojin duniya ke iya gani dalla-dalla. Ganin irinsa na buƙatar ƙananan gidajen lissafi, wanda ke nufin ƙarin ma'aikata da ƙarin musaya, da kuma mutanen da suka iya tsara ta.

Koyon aikin ba ya buƙatar babbar na'ura. Open MPI da MPICH kyauta ne, kuma ɗalibi a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ko Abdou Moumouni ta Yamai zai iya sa ɗaya a kwamfutar tafi-da-gidanka, ya rubuta misalin garuruwa huɗun nan da harshen C ko Fortran, ya tayar da shi da umarnin mpirun -np 4.