Wa Ka Ke Gaisarwa?



Dukanmu mun san ladabi a gaban manya. In mun shiga zauren sarki mu kan tuɓe takalmi, mu durƙusa, mu ce ranka ya daɗe. Wannan daidai ne. Amma ɗan garuwa fa, wanda ya ke kawo maka ruwa da tsakar rana? Sau da yawa "Kai, zo nan!" ita ce iyakar gaisuwarsa. Ba mai tambayarsa gajiya.

Yaƙub ya tsauta wa masu bi a kan wannan cikin wasiƙarsa, sura 2. Ya ba da misalin mutum biyu da suka shigo majami'a, ɗaya da zoben zinariya, ɗaya da tsummoki. Aka ba mai zoben wuri mai kyau, aka bar matalaucin a tsaye. Yaƙub ba ya rage ba, zunubi ya kira wannan. Gama riga aka girmama, ba mutum ba, alhali kuwa cikin surar Allah aka halitta su duka biyu.

Gobe in ɗan garuwa ya sauke garwa a ƙofarka, ka fara gaishe shi, ka tambayi sunansa, kana ku yi zancen kuɗi.