Daga birkin keke zuwa faifan da duniya ta yaba: abubuwan mamaki game da Mdou Moctar

A watan Mayun 2021 kamfanin Matador na birnin New York ya fitar da faifan Afrique Victime. Kafin shekara ta ƙare, masu sharhin kiɗa a Amurka da Ingila sun jera shi cikin fayafayen da suka fi kowane kyau a shekarar. Mai faifan, Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ɗan arewacin jihar Tawa ta Nijar ne, ƙasar Abalak da Cintabaraden. Duk ɗan Tebaram ko Tawa da ya taɓa zama wurin bikin Abzinawa ya san irin wannan kiɗa tun kafin ya tsallaka teku.

Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta. Gidansu gidan addini ne, ba a so ya kama kiɗa, balle a saya masa kayan kiɗan. Ya ga wasan makaɗin jita Abdallah Oumbadougou, abin ya shiga ransa, sai ya nemi katako, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya.

Bahago ne kuma. Wannan na cikin abin da ya sa Turawa ke yawan haɗa sunansa da na Jimi Hendrix.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne inda aka ɗauki faifansa na farko. Ba Yamai ba, ba Agadas ba: Sakkwato. A 2008 ya je can ya ɗauki Anar, a lokacin da waƙoƙin fina-finan Hausa ke tashe da na'urar nan mai lanƙwasa murya, Auto-Tune. Aka ɗora waƙar Tamajak, harshen Abzinawa, a kan kiɗan kwamfuta irin na nanaye, muryarsa na rawa kamar ta mawaƙan Kano. Wasu na raina wannan salo, suna ganin kiɗa ne mai arha. Ni ina ganin ba su yi masa adalci ba, domin shi ne ya fara fitar da sunan wannan bawan Allah daga garinsu, kuma hannun Hausawa na ciki dumu-dumu.

Faifan bai shiga kanti ba a lokacin. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta Bluetooth da katin waya, a tasha da kasuwa da majalisar shayi, har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji waƙarsa Tahoultine. Ya sa ta cikin tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya kuma yi ta cigiyar mai waƙar har ya same shi. Sai a 2014 aka buga Anar a faifai na sosai.

Da Afrique Victime ya fito, ba a manta da wannan tarihi ba: an sayar da wasu kwafi a cikin tsohuwar wayar Nokia, waƙoƙin na ciki.

Ya yi fim ma. Akounak Tedalat Taha Tazoughai ya fito a 2015, an ɗauke shi a Agadas da harshen Abzinawa, an gina shi a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince na 1984. Mdou ne jarumin, da rawaninsa, a kan babur, jita rataye a baya.

Lokacin Afrique Victime, su huɗu ne a ƙungiyarsa. Ahmoudou Madassane na riƙe jita ta biyu, Souleymane Ibrahim na kan ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, mai jitar ƙasa, wanda kuma shi ke haɗa sautin fayafayen. Faifan Ilana na 2019 kuwa a Detroit aka ɗauke shi.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya same su suna zagayen wasa a Amurka. Hanya ta rufe, suka kasa komawa gida, har masoyansu suka yi musu karo-karo. A wannan zaman jira suka sake ɗaukar waƙoƙin faifansu Funeral for Justice ba da hayaniyar lantarki ba. Shi Funeral for Justice ya fito a 2024, da waƙar da ke fuskantar Faransa kai tsaye da wadda ke kira ga Abzinawa su riƙe harshensu. Na zaman jiran, Tears of Injustice, ya biyo baya a 2025.

Ba shi kaɗai jihar Tawa ta bai wa duniya ba. A ƙauyen Illighadad, Fatou Seidi Ghali ta koya wa kanta kiɗa da jitar yayanta, abin da ba a saba ganin mace na yi ba. Faifan ƙungiyarta, Les Filles de Illighadad, na 2016 a fili aka ɗauke shi, ba a sutudiyo ba. Rabinsa jita ce, rabinsa tende: turmi da aka rufe da fatar akuya, da ƙwarya kife a kan ruwa, da tafin mata. Da wannan turmin suka kai har Brooklyn, inda aka ɗauki wasansu aka fitar da shi faifai a 2021.