Ƙara wa kwamfuta gudu: riba da hasararsa a ƙasa mai zafi

Masu haɗa kwamfutar wasanni da hannunsu kan yi sha'awar tilasta mata yin gudu fiye da yadda kamfani ya ƙayyade, to amma a yankuna irin su kudancin jihar Jigawa, zafi da ƙura da rashin tsayayyar wutar lantarki na iya mayar da wannan dabara hanyar asara.

Ga wanda ke zaune a Dingaya ta ƙaramar hukumar Gwaram, ko a Birnin Kudu, lalacewar babban allon kwamfuta ba ƙaramar magana ba ce. Sau da yawa sai an kai Dutse, ko an yi tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Kano, inda ake sayar da kayan kwamfuta a titin Beirut, kafin a sami madadinsa.

Kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, kuma farashinsu ya yi tashin gwauron zabo tun bayan da darajar naira ta faɗi a 2023.

Mene ne ƙara gudu?

Babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ne shimfiɗar da ake dasa sauran sassan kwamfuta a kanta: ƙwaƙwalwa ko furosesa, da ma'adanar wucin gadi wato RAM, da katin hoto. Shi ne ke raba musu wuta, shi ne kuma ke sada su da juna.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana aiki ne bisa bugun wani agogo na cikinta. Idan aka ce gudunta gigahaz 4 ne, ana nufin agogon na bugawa sau biliyan 4 a kowace daƙiƙa.

Ƙara gudu shi ne a shiga manhajar BIOS da ke cikin allon, a ɗaga yawan wannan bugu. Galibi kuma sai an ƙara wa ƙwaƙwalwar ƙarfin wuta kafin ta iya jure sabon gudun.

Dabarar ta yi suna ne a 1998, lokacin da aka gano cewa ƙwaƙwalwar Celeron 300A mai araha ta kamfanin Intel na iya tashi daga megahaz 300 zuwa 450 ta hanyar sauya saiti guda. Ƙarin rabi ke nan ba tare da an biya ko kwabo ba.

Sai dai zamani ya sauya. Tun daga 2008 Intel ya fito da tsarin Turbo Boost, wanda ke sa ƙwaƙwalwa ta ƙara wa kanta gudu idan ta ga akwai sarari, kuma kamfanin AMD na da irin nasa. Saboda haka abin da ya rage wa mai yi da hannu a yau bai taka kara ya karya ba.

Ba kuma kowace ƙwaƙwalwa ce ke yarda ba. A ɓangaren Intel, sai mai harafin K a ƙarshen lambarta, tare da allo mai harafin Z. A ɓangaren AMD, yawancin samfurin Ryzen a buɗe suke a kan allo mai harafin B ko X.

Lissafin zafi

Duk wutar da ƙwaƙwalwa ta sha, zafi take komawa. Wutar da take sha kuwa na ƙaruwa daidai da gudu, amma tana ƙaruwa riɓi biyu da ɗan ɗoriya idan aka ɗaga ƙarfin wutar.

Alal misali, idan aka ƙara gudu da kashi 10 cikin 100, aka kuma ƙara ƙarfin wuta da kashi 10, zafin da za a samu zai ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku.

A nan ne yanayin wuri ke shigowa. Fanka da ƙarfen da ke shanye zafi ba sa ƙirƙiro sanyi; iskar ɗaki kawai suke kaɗawa. Ƙwaƙwalwar da ke kai maki 75 a ma'aunin Salshiyas a ɗaki mai maki 22, za ta kusanci maki 93 idan zafin ɗakin ya kai 40.

A watannin Maris da Afrilu da Mayu, zafin rana kan haura maki 40 a Jigawa, kuma ɗaki mai rufin kwano maras silin kan riƙe zafin har dare.

Iyakar yawancin ƙwaƙwalen zamani na tsakanin maki 95 ne zuwa 100. Da zarar sun kai nan, sai su rage gudu da kansu domin kada su ƙone. Ta haka mai neman ƙari ke ƙarewa da ragi, garin neman gira a rasa ido.

Wannan ne ya sa alƙaluman da masu gwaji a Turai ko Amurka ke wallafawa ba sa zama ma'auni ga mai kwamfuta a Gwaram. Su a ɗakuna masu sanyi suke gwajinsu.

Ƙura da wuta

Lokacin hunturu zafi kan sauka, amma ƙura kan toshe ramukan ƙarfen sanyaya da fukafukan fanka. Busasshiyar iska kuma na tara wata wuta a jikin mutum, irin wadda ke sa tufafi ƙara idan ana tuɓewa, kuma tana iya kashe ƙananan sassan allo idan aka taɓa su. Maganinta shi ne a fara taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar, a kuma riƙe kowane sashe ta gefensa.

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun 2013, kuma ma'aunin wutar gida a Najeriya bolt 230 ne. To amma wuta kan zo da rauni ko da ƙarfi, musamman a daidai lokacin da aka dawo da ita, haka nan ƙananan janareto ba sa ba da wuta mai daidaito.

Kwamfutar da aka ƙure wa gudu ba ta da sauran sararin jure irin wannan hawa da sauka. Don haka kuɗin da aka kashe kan nagartaccen akwatin wuta na cikin kwamfuta, da sitabilaiza, da na'urar UPS mai riƙe wuta na 'yan mintuna, ya fi amfani a kan wanda aka kashe wajen neman gudu.

Idan mutum na jin girgizar wuta a jikin akwatin kwamfuta, alama ce ta cewa wayar da ke kai wuta ƙasa ba ta aiki, kuma aikin mai gyaran wuta ne.

Darasi daga manyan kamfanoni

Ko su kansu masu ƙera kayan sun ɗanɗana kuɗarsu a kan ƙarfin wuta.

A watan Afrilun 2023, an sami rahotannin ƙonewar wasu ƙwaƙwalen Ryzen 7000X3D tare da allunan da suke kai. AMD ya fitar da sabon BIOS da ya taƙaita wutar wani sashe na ƙwaƙwalwar zuwa bolt 1.3.

A 2024 kuma, Intel ya amsa cewa wutar da ta wuce kima na raunana wasu ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14, abin da ke sa wasanni tsayawa ba zato. Ya ambaci saitin da wasu masu ƙera allo ke sakawa sama da abin da ya shawarta a cikin dalilan. Ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garanti, amma gyaran ba ya warkar da ƙwaƙwalwar da ta riga ta lalace.

Wannan na da muhimmanci ga masu sayen kayan gwanjo, domin ido ba ya ganin irin wannan rauni. Haka kuma garantin kamfani ba ya ɗaukar ɓarnar da ƙara gudu ya jawo.

Idan kwamfuta ta ƙi tashi

Mafi yawan lokuta allon bai mutu ba, saiti ne ya fi ƙarfinsa. Matakin farko shi ne a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa domin sauran wutar ta fita.

Daga nan sai a cire ɗan batirin allon mai kama da kwabo, mai lamba CR2032, a jira 'yan mintuna a mayar. Wannan na maido da BIOS yadda ya fito daga kamfani.

Alluna da dama na da ƙananan fitilu huɗu masu rubutun CPU da DRAM da VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda matsalar take: ƙwaƙwalwa, ko RAM, ko katin hoto, ko faifan da ke ɗauke da manhaja.

Idan ba a dace ba, sai a cire RAM a mayar da guda ɗaya tak, a tabbatar ya zauna daram. A duba babbar waya mai baki 24 da ƙaramar mai baki 8 da ke ba ƙwaƙwalwa wuta. A kuma tabbatar wayar allon kallo na jikin katin hoto ne.

Ƙa'idar ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci guda, domin wanda ya sauya uku tare ba zai san wanne ne ya yi magani ba.

Abu biyu ne ba a wasa da su. Ba a buɗe akwatin wuta, domin yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare shi. Ba a kuma sabunta BIOS sai da UPS ko batirin sola, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin na iya hana allon tashi.

Hanyar da ta fi dacewa

Wanda ya ƙudura sai ya ƙara gudu, ya yi shi kaɗan-kaɗan, yana rubuta kowane saiti a takarda. Bayan kowane mataki ya gwada da manhajoji irin su Prime95 da MemTest86, kuma ya yi gwajin da tsakar rana a lokacin bazara. Saitin da ya tsaya a watan Janairu na iya faɗuwa a Afrilu.

Kunna tsarin XMP ko EXPO, wanda ke ba RAM damar yin gudun da aka rubuta a kwalinsa, ya fi sauƙi, ko da yake shi ma nau'i ne na ƙara gudu kuma yana buƙatar gwaji.

Akwai kuma akasin dabarar: a ɗan rage ƙarfin wutar da ƙwaƙwalwa ke sha. Hakan na rage zafi, ya bar ta ta riƙe gudunta na tsawon lokaci, ya kuma sauƙaƙa wa janareto ko batiri.

Jigawa ba baƙuwar wannan fanni ba ce, domin tun farkon shekarun 2000 gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure. Ga matasan da ke koyon haɗa kwamfuta da gyaranta a jihar, sanin yadda za a sa na'ura ta jure bazara da hunturu shi ne abin da mai kawo gyara zai fi biya a kansa.