Bashin babur a Khartoum da Omdurman: wa zai tsaya maka?

Yau mun nufi Sudan, inda kogunan Nilu biyu suka haɗu, Khartoum a wannan gaɓa, Omdurman a waccan. Tambayarmu ɗaya ce: matashin da bai taɓa shiga banki ba, ba albashi, ba takardar fili, ta yaya zai mallaki babur ko keke mai ƙafa uku ya nemi abincinsa?

Duk wanda ya san Suƙ Libiya a yammacin Omdurman kafin yaƙin 2023 ya san ƙarar raksha, wannan keken Bajaj ɗan Indiya da mu a Kano muke kira Adaidaita Sahu. Da yawa cikin masu tuƙa shi ba nasu ba ne. Da yamma direba zai kai wa mai keke kuɗin yini, abin da muke kira balas, sannan ya ƙirga ɗan abin da ya rage na cefane. Cikinsu har da 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, mazauna unguwanni irin su Mayo da Inƙaz, jikokin mahajjata da na waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi a 1903.

A gurguje, ga yadda bankunan suke. Tun shekarun 1980 Sudan ta karkata ga tsarin bankin Musulunci, ba ruwa a rance. A 2007 Babban Bankin ƙasar ya umarci bankuna su ware kashi 12 cikin 100 na kuɗin da suke bayarwa domin ƙananan masu sana'a, aka kuma kafa Bankin Usra, wato bankin iyali, a 2008 saboda su. Duk da haka, a ƙididdigar Bankin Duniya ta 2014, kusan mutum 15 ne kacal cikin 100 na manya ke da asusu. Ka ga kenan rashin tarihin bashi shi ne halin mafi yawan jama'a.

Banki ba ya damƙa maka kuɗi a hannu. Murabaha ake yi: ka kawo takardar farashi daga dillali, banki ya sayi babur ɗin, ya sayar maka da riba sananniya, ka riƙa biya wata-wata. Za a nemi lambarka ta ɗan ƙasa, da shaidar zama a unguwa. Sannan a nemi abu biyu da suke riƙe da maganar gaba ɗaya: cak, da mai tsaya maka.

A nan nake so mu ɗan dakata, masu sauraro, domin wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Matashi zai zauna gaban jami'in banki, a miƙo masa biro, ya sa hannu a kan cak na watannin da ba su zo ba. Sai a juya ga wanda ya rako shi, kawunsa ne, ko yayansa, ko wani malamin makaranta mai albashi, shi ma ya rubuta nasa cak na lamuni. A dokar laifuka ta Sudan ta 1991, sashe na 179, ba da cak ɗin da ba kuɗi a bayansa laifi ne. Kuma akwai kalmar da kowane ɗan kasuwa a Omdurman yake tsoro, yabƙa li hinis sadad, ma'ana a tsare shi har sai ya biya. Har sai ya biya, jama'a. Mutum yana tsare, babur yana ajiye, ta ina kuɗin zai fito? Mutane da dama sun shafe shekaru a gidan yari a kan haka, kuma lauyoyin Sudan sun daɗe suna kiran a gyara.

Shi ya sa idan dattijo ya ce wa ɗan ƙanwarsa, je ka, na tsaya maka, ba ƙaramar magana ya yi ba. 'Yancinsa ya ɗora a kan gaskiyar yaron. Ni a ganina wannan ne ainihin jarin talaka, amanar da mutane suka shaide shi da ita. Kuma duk tsarin da zai ci amfanin wannan amana, ya wajaba ya bambanta maƙaryaci da wanda aka sace wa babur ko ciwo ya kwantar.

Akwai hanyar da ba ta bi ta banki. Adashi, wanda can suke kira sanduƙ, mata sun fi riƙe shi, kuma kwasa ɗaya kan zama kafin alƙalami. Akwai kuma mai kuɗin unguwa da zai saya ya ba ka, ka biya a hankali har ya zama naka. Sai dai a 2021 hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin 100, abin da aka tara a adashi a watan azumi sai darajarsa ta zube kafin babbar salla.

Lokaci na neman ƙwace mana. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya rufe rassan bankuna a Khartoum, an wawashe ababen hawa, jama'a suka koma ga manhajar Bankak a waya. Tun da sojojin gwamnati suka sake karɓe birnin a Maris 2025 mutane ke komowa, da yawa hannu rabbana.

Ga mai shirin karɓar bashin babur, a Omdurman yake ko a Kano: ka tambayi jimillar abin da za ka biya, ka tambayi hukuncin wata guda idan ka gaza, ka tambayi sunan wa ke kan takardar babur, a kuma rubuta komai gaban shaidu. Kada ka kai kowa ya sa maka hannu sai ya ji amsoshin nan da kunnensa.