Annobar Korona a Gefen Dajin Rugu

Cutar korona, wadda ta fara bayyana a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019, tana cikin cututtukan da ƙwayar bairos ke haddasawa. Bairos kuwa ƙwaya ce ƙarama ƙwarai da ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta shiga ƙwayoyin halittar jikin mutum ko dabba ta mayar da su masaƙar da za ta riƙa saƙa irinta, shi ya sa magungunan kashe bakteriya da ake saye a kemis ba sa yi mata komai. Ta korona tana kama hanyoyin numfashi, tana fita cikin tsattsafin yawu da tururin baki idan mai ɗauke da ita ya yi tari ko atishawa ko ma magana, kuma tana daɗewa a iskar ɗakin da ba shi da tagogi fiye da yadda take yi a fili.

Abin da ya sa ta gagari hukumomin lafiya shi ne tazarar da ke tsakanin kamuwa da bayyanar alamu, wadda kan kai kwana 5 ga yawancin mutane, ta kuma iya kaiwa kwana 14. A ƙarshen wannan tazara mutum yana iya yaɗa cutar alhali yana jin kansa garau, wasu ma har su warke ba su san sun kamu ba. Masana sun ƙiyasta a farkon annobar cewa kowane mai cutar yana harbar mutum 2 zuwa 3 idan ba a ɗauki wani mataki ba, wannan ƙididdiga ita ake kira adadin yaɗuwa. Matuƙar adadin ya haura 1, masu kamuwa ninkuwa suke yi, biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas, har asibitoci su cika. Idan ya sauka ƙasa da 1, annobar ta kama hanyar mutuwa. Duk dokokin da gwamnatoci suka kafa, daga sanya takunkumi zuwa rufe iyakoki, manufarsu ita ce danne wannan adadi.

An tabbatar da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, sannan gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa kwamitin ko-ta-kwana ƙarƙashin Boss Mustapha ta kuma kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris. A Jihar Katsina cutar ta fara bayyana a Daura a farkon Afrilu, inda wani likita ya rasu, Gwamna Aminu Bello Masari ya kulle ƙaramar hukumar, daga bisani dokar ta kai Dutsin-ma da birnin Katsina. Tun kafin nan an dakatar da sallar Juma'a da manyan taruka, matakin da ya jawo tarzoma a Kusada a ƙarshen Maris har aka ƙone ofishin 'yan sanda.

Dokar zaman gida an tsara ta ne da tunanin mutumin da yake da gida, da abinci a rumbu ko albashi a banki, kuma a nan ne ta yi karo da halin da mutanen Runka da ƙauyukan Safana da Batsari suke ciki. Garin Runka yana bakin dajin Rugu, wanda a da makiyaya ce ta Fulani da dabbobinsu, daga baya ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020, kafin korona ta iso jihar, an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, kuma ranar 18 ga Afrilu, ana tsakiyar kulle, 'yan sanda suka tabbatar da kisan mutum 47 a hare-haren da aka kai ƙauyukan Ɗanmusa da Dutsin-ma da Safana. Wanda aka kora daga ƙauyensu da tsakar dare ba a iya ce masa ya zauna a gida, domin gidan ne ya gudu ya bari. Mata da yara da tsofaffi suna kwarara zuwa cikin gari, wasu su raɓa a gidajen dangi, wasu su kwana a azuzuwan makarantun firamare kafaɗa da kafaɗa, wanda shi ne ainihin yanayin da cutar numfashi ta fi samun hanya a cikinsa. Shawarar wanke hannu da sabulu a kai a kai ita ma tana buƙatar ruwa, ruwan kuwa sai an bi layi a bakin rijiya ko famfon burtsatse.

Haka lamarin yake game da kasuwa. Ta fuskar likitanci kasuwar mako wuri ne mai haɗari, saboda tana tara fatake da dillalai da direbobi daga garuruwa masu nisa a yini guda, sannan ta watsa su zuwa ƙauyuka da yamma. Amma ga manomin da zai sayar da akuya ya sayi gero, ko matar da ke aika fura da nono, ranar kasuwa ita ce abincin mako, kuma kullen ya faɗo daidai da azumin Ramadan, wanda ya fara ranar 24 ga Afrilu, a lokacin da iyakar Jibiya da Nijar take rufe tun Agustan 2019. Kayan tallafin da aka yi alkawari ba su kai yawan mabuƙata ba. Ba abin mamaki ba ne da mutane da yawa suka riƙa kiran korona cutar masu kuɗi ko cutar masu hawa jirgi, musamman da yake sanannun da ta fara kamawa manya ne, irin su Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu.

Kulle kaɗai ba ya kawar da annoba, lokaci kawai yake saya wa hukuma domin ta yi gwaji, ta killace masu cutar, ta bi diddigin waɗanda suka yi mu'amala da su. Lokacin da cutar ta shigo, ɗakunan gwajin da ke iya gano ta a faɗin Najeriya guda 5 ne kacal, don haka samfurin da aka ɗauka a Katsina sai an yi tafiya mai nisa da shi kafin a san sakamako. Bin diddigi kuma aikin ƙafa ne, ma'aikacin lafiya ne zai hau babur ya bi ƙauye-ƙauye, kuma babu mai tura shi hanyar da ake sace mutane. Saboda haka alƙaluman hukuma, wato kimanin mutum 267,000 da suka kamu da fiye da 3,000 da suka rasu a ƙasar baki ɗaya, hoto ne na inda gwaji ya kai, kodayake yawan matasa a cikin al'umma ya taimaka ƙwarai, tunda cutar ta fi yi wa tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini illa.

Allurar rigakafi ta AstraZeneca ta iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan 4, ta hanyar shirin COVAX. Aikin rigakafi shi ne ya nuna wa garkuwar jiki siffar ƙwayar tun kafin ta zo, domin jiki ya gane ta ya yaƙe ta da wuri. Allurar ta tarar da tsohon zargi a arewa, wanda ya samo tushe daga gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996, da ƙauracewa rigakafin shan-inna a 2003. Abin da ya warware wancan rikici shi ne shigar sarakuna da hakimai da dagatai da malamai cikin aikin, har aka tabbatar da kawar da shan-inna na asali daga Afirka ranar 25 ga Agusta 2020, kuma ta hannun irin waɗannan shugabanni aka sake bi wajen kiran jama'a zuwa allurar korona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan cutar ranar 5 ga Mayu 2023, a lokacin da yawancin ƙauyukan da ke kewaye da Rugu suke ci gaba da fama da hare-haren da ke hana ma'aikatan lafiya isa gare su.